Maƙarfi ɗaya ce, amma manhajarka ta ga uku

A ce ƙungiyar manoman rake ta ba ka aikin haɗa mata manhajar rajistar mambobi, don kada a yi rigima ranar rabon taki. Bayan wata shida sai ga "Makarfi", ga "Maƙarfi", ga "Mkf", kwamfuta kuma tana ƙirga su wurare uku. Wani ya yi rajista sau biyu ya kwashi buhu biyu, wani ya koma gida hannu rabbana.

Kafin ka ɗora wa mai shigar da sunaye laifi, leƙa kod ɗin da ke gina teburan rumbun bayananka. Nan ne ake kafa sharuɗɗa: gurbin suna ba zai zauna fayau ba, lambar NIN ba za ta shiga sau biyu ba, kuma dole ta cika lambobi 11. Matsalar yawancinmu kwafa da liƙawa ce. Sharaɗi ɗaya ka rubuta shi a teburin manoma, da na rabo, da na biyan kuɗi. Ran da ka gyara biyu ka manta ɗaya, shi ke nan, ɓaraka ta samu.

Maganin shi ne sake fasalin kod ba tare da canza aikinsa ba, dabarar da littafin Martin Fowler na 1999 ya yayata. Ga yadda za ka bi.

Da farko, adana umarnin SQL da tsohon kod ke fitarwa. Sannan tattara kowane sharaɗi wuri guda, duk teburin da ke buƙata ya kira shi daga can. Sai ka sake fitar da SQL ɗin ka gwada da na farko. In ko harafi ɗaya ya bambanta, tsaya ka gano dalili. Sabon sharaɗi kuwa, bari sai wannan ya kammala, kuma ka fara tsaftace tsofaffin bayanai tukuna, in ba haka ba rumbun zai ƙi karɓa.

Sunayen ƙananan hukumomi su ma ka ba su teburinsu, sauran tebura su riƙa nuni da lambar kowacce. Jerin nan yana canzawa: daga Ikara aka fitar da Maƙarfi, a 1996 kuma aka yanke Kudan daga Maƙarfi, hedikwatarta a Hunkuyi. Yau Kaduna na da 23, Najeriya na da 774. In gobe aka ƙara, layi ɗaya kawai za ka saka.

Sai tarkuna uku. Lambar waya ka ajiye ta a matsayin rubutu, don in ka sa ta a gurbin lissafi, sifirin farko ɓacewa zai yi. SQLite ba ya tilasta alaƙar tebur da tebur sai ka kunna da kanka. MySQL kuwa, kafin sigar 8.0.16 ta 2019, karanta sharaɗin CHECK yake yi ya wuce abinsa.

Don haka kada ka yarda da sharaɗi don ka gan shi a rubuce. Yau ɗin nan, a kwafin gwaji, shigar da NIN ɗaya sau biyu. In rumbun ya karɓa, to ka san aikin da ke gabanka kafin damina.