Matan Ɗorayi, a binciki man shafawa kafin gemu ya fito

Idan mace ta ga gashi mai kauri ya fara tsiro mata a haɓa ko a leɓen sama, kafin a ce gado ne, kafin a ɗora wa kishiya laifin sammu, a fara buɗe jakar kwalliyarta.

Man bilicin da ake haɗawa a zuba a roba marar suna ya shiga gidaje daga Ɗorayi Babba har Ɗorayi Ƙarama, kuma 'yan matanmu masu aiki a masana'antun Sharaɗa da Chalawa na cikin masu saye idan albashi ya shigo. Da yawa daga irin wannan haɗin na ɗauke da sinadarin sitiroyid, irin su clobetasol da betamethasone. Magungunan cutar fata ne da likita ke rubutawa a shafa a ɗan wuri na 'yan kwanaki, amma ana mulke jiki da su safe da dare, wata da watanni, har su ratsa fata su shiga jini. Ƙwayar ƙiba da ake kira "sha ka fashe" ma sau da yawa dexamethasone ce, danginsu ɗaya.

Abin takaicin shi ne, farkon cutar da suke jawowa yakan yi kama da kyau. Fuska ta cika ta yi zagaye, ƙawaye su ce hutu ya karɓe ta. Sai jar nanƙarwa ta keto a cinya da hammata, ƙuraje su feso, gashi ya fito a fuska. A ciki kuwa hawan jini da ciwon sukari na iya samun gurbi. A watan Fabrairun 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya, amma har yau akwai uwar da ke shafa wa ɗiyarta ƙarama.

Ba kowace mai gashin fuska ce ta yi bilicin ba, don haka a daina tsangwama. Mafi yawan sanadin shi ne PCOS, matsalar ƙwayayen haihuwa da ke ƙara sinadarin maza a jikin mace, ta rikita al'ada, ta jinkirta ɗaukar ciki. Tana samun kusan mace 1 cikin 10, kuma ana shawo kanta da magani. Idan kuwa gashin ya fito bagatatan cikin 'yan watanni, murya ta fara kauri, to kada a jira, don yana iya zama ƙari ne a ciki.

'Yar'uwa, idan kin daɗe kina shan ƙwayar nan, kada ki yanke ta rana ɗaya. Jiki ya saba, yankewar na iya kai ki ga halaka. Ɗauki robar man da kwalin ƙwayar ki tafi da su Asibitin Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala, ki nuna wa likita, ki faɗa masa gaskiyar tsawon lokacin da kika yi kina amfani da su.