Ko Ya Kamata Alƙali Ya Biya Diyya Daga Aljihunsa?

A ƙasar Amurka akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wadda mu ke ganin ya kamata malamai da ma'aikata su san tushenta. Ga tambayar: in majalisa ta kafa doka, sa'an nan lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara ya ce ba zai kai kowa gaban shari'a a kanta ba, ko kuwa alƙali ya kau da kai, shin wanda abin ya cuta yana iya kai ƙararsa, a ciro diyya daga aljihunsa?

Amsar kotunan can ita ce a'a. Tun 1872, a shari'ar Bradley da Fisher, Kotun Ƙoli ta ce ba a neman diyya wurin alƙali saboda hukuncin da ya yanke bisa kujerarsa, ko da an zarge shi da mugun nufi. A 1976 kuma, a shari'ar Imbler da Pachtman, ta ba lauyoyin gwamnati irin wannan garkuwa.

Lalle garkuwar tana da ɗaci. A 1971 wani alƙali a jihar Indiyana, Harold Stump, ya sa hannu aka yi wa wata yarinya mai shekara 15 aikin hana haihuwa ba da saninta ba. Sai da ta yi aure ta gane. Ta kai ƙara, amma a 1978 Kotun Ƙoli ta ce ba ta da diyya a kansa.

Da ya ke ƙofar diyya a rufe ta ke, sai waɗansu jihohi suka koma ga tuɓewa. A yawancin jihohi jama'a ne ke zaɓen lauyan nan da ƙuri'a. A watan Agusta 2022 Gwamnan Fulorida, Ron DeSantis, ya dakatar da Andrew Warren na Tampa, domin ya sa hannu a takardar alkawarin ba zai gurfanar da kowa kan zubar da ciki ba. A 2023 ya dakatar da Monique Worrell ta Orlando. Da aka zo zaɓen 2024, jama'a suka mai da Worrell kujerarta, Warren kuwa ya faɗi. Jihar Tekzas ma ta kafa doka a 2023, wadda ta ba kotu ikon tuɓe lauyan da ya ɗauki ƙa'idar ƙin aiki da wata doka ɗungum.

Jamus ta bi wata hanya dabam. Can wajibi ne lauyan gwamnati ya bi sawun laifi in akwai isasshiyar alama, kuma alƙalin da ya karkatar da shari'a da gangan ana ɗaure shi shekara 1 zuwa 5. Amma fa hukuma ce ke tuhumarsa, kuma sai an tabbatar da gangancin.

To, ga ra'ayinmu. Lauya ya duba ƙara guda ya ga shaidarta ba ta da ƙarfi ya bar ta, wannan aikinsa ne. Amma ya ce ya soke doka baki ɗaya, ya ƙwace aikin majalisa ke nan, ya cancanci a tuɓe shi a fili bayan an ji ta bakinsa. Biyan diyya kuwa ba mu yarda da shi ba. Kowace shari'a sai ta bar mutum ɗaya da ɓacin rai. In kowane mai fushi zai iya cin gidan alƙali, to alƙali zai riƙa duban wanda ya fi ƙarfin ɗaukar lauya kafin ya dubi gaskiya, talaka ne kuwa zai sha wuya. Maganin kuskure ɗaukaka ƙara, maganin taurin kai tuɓewa, maganin ganganci kurkuku. Kada garin neman gira a rasa ido.