Sunan da Lasisi Ya Tsare

Matasan Madarunfa masu buga ƙwallon ƙafa a PlayStation sukan ci karo da baƙin sunaye, kuma lasisi ne sanadi. Kamfanin EA Sports ya daɗe da riƙe haƙƙin gasar Firimiyar Ingila shi kaɗai, shi ya sa Konami, mai wasan PES, ya laƙaba wa Chelsea "London FC". A 2019 reshe ya juye da mujiya: Konami ya ƙulla yarjejeniya da Juventus, sai FIFA 20 ya kira ta "Piemonte Calcio".

Ta haka suna ya zama haja. Mai sunayen asali shi ke jan masu saye, ko wasansa bai inganta ba, abokin hamayya kuwa ya raunana. Wannan fage ne da ya cancanci kulawar masu nazarin sunaye.