Sukukutane: tamowa cuta ce, biskit kuwa magani ne

A Sukukutane, cikin gundumar Dogondutsi ta jahar Doso, an san lokacin da tamowa ke shiga gidaje. Daga watan Yuni zuwa Satumba hatsin bara ya ƙare a rumbu, sabon gero bai nuna ba, mata suna gona, furar yara ta koma ruwa-ruwa, ga zazzaɓin sauro da zawo. A ƙasar Arewa da yawa kan ce yaro ya sha ciki ne, a nufi wajen mai magani. Kafin a kai shi likita, jiki ya riga ya lalace.

Awon farko ba shi da wuya. Ma'aikacin lafiya yana ɗaura wani zare mai launi uku a damtsen yaro mai wata 6 zuwa shekara 5. In bai kai milimita 115 ba, ja ke nan, tamowa ta yi tsanani. Sannan ya danna bayan ƙafafu biyu da yatsa. In wurin ya lotsa, kumburin tamowa ne, ba ƙiba ba.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Yaron da ke iya ci, ana ba shi magani ya koma gida, uwa tana zuwa awo kowane mako. Wannan sashe shi ake kira CRENAS. Wanda ya ƙi ci, ko numfashinsa ya ɓaci, ko kumburi ya game jiki, sai a tura shi asibiti, sashen CRENI. Can ba a cika masa ciki nan take, domin zuciya da hanji sun raunana, abinci mai nauyi yana iya halaka shi. Da madarar F-75 ake farawa, kaɗan-kaɗan, kowace awa 2 ko 3, dare da rana, a lulluɓe shi saboda sanyi. Sai kumburi ya saɓe, marmarin abinci ya dawo, a koma F-100 ko Plumpy'Nut, wanda mata ke kira biskit.

Biskit ɗin nan haɗin gyaɗa ne da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki. Bafaranshe André Briend da kamfanin Nutriset suka ƙirƙiro shi a 1996. Ƙulli guda giram 92 ne, ba ya buƙatar ruwa ko wuta. A yunwar 2005, bayan fari da farar ɗango na 2004, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, akasarinsu da shi, musamman a Maraɗi. A 2006 gwamnati ta ayyana magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5.

Sai dai gyara ya rage a gida da kasuwa. Ana ƙidaya ƙullin ne bisa nauyin yaro. In an raba wa yayyensa, ko ya ɓulla a teburin mai shago, jinyar makonni kaɗan takan koma ta watanni, wani yaron ma ba ya tashi. Ɗan kasuwar da ya ƙi sayensa, da ma'aikacin da ya tsare sito bisa amana, suna cikin masu jinyar nan, ko da ba su taɓa ganin yaron ba.