Bidiyo Mai Ganin Kowace Kusurwa: Mu Me Muka Ɗauka da Shi?

Duk lokacin aikin Hajji sai bidiyon Harami ya riƙa yawo a Facebook, irin wanda in ka ja yatsa a fuskar waya ko ka juya ta, sai ka ga sama, ka ga masu ɗawafi a bayanka. Nan da nan wasu su ce haɗin kwamfuta ne. Ko kusa. Hoton gaske ne, ɗaukarsa ce ta bambanta.

Kyamarar da ake ɗaukarsa da ita galibi tana da idanu biyu masu tudu, gaba da baya, kowanne yana kama fiye da rabin wurin. Manhaja ce ke ɗinke hotunan biyu su zama dunƙule, a shimfiɗe shi kamar taswirar duniya, sannan wayarka ta nuna maka gefen da ka fuskanta kawai. Shi ya sa yake cin data, kuma in ka lura za ka ga hannun wani ya tsinke daidai wurin ɗinkin. YouTube da Facebook sun fara karɓar irinsa a 2015. Dillalan gidaje da masu otal sun rungume shi, haka masu horar da likitoci.

Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. A 2019 Joel Kachi Benson, ɗan Najeriya, ya ci lambar yabo a bikin finafinai na Venice da Daughters of Chibok, fim mai ganin kowace kusurwa da ke zaunar da mai kallo a tsakar gidan uwar da ke jiran 'yarta tun sace ɗalibai 276 a Afrilun 2014. Kafin nan ya ɗauki In Bakassi a sansanin 'yan gudun hijira na Maiduguri. Labarinmu ne, a ƙasarmu, amma mu nawa muka gani?

Ga ganuwar Kano tana zaizayewa kowace damina, wani wurin ma an yanka ta filaye. Ga hasumiyar Gobarau a Katsina, ga marinar Ƙofar Mata. Hoto na yau da kullum gefe ɗaya yake adanawa. Bidiyo mai ganin kowace kusurwa kuwa ɗakin gaba ɗaya yake riƙewa, har azarar rufi da zanen bango. Kyamarar ba ta kai kuɗin motar ofis ɗaya ba. Me Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da ma'aikatun al'adu na jihohi suke jira? Su ba matasan Kannywood kayan aiki da kwangila, a fara da ƙofofin Kano tun kafin ruwan bana ya sauka.