Aro da Ƙirƙira: Shawarar da ta Dace da Sababbin Marubuta

Masu shirya littattafan karatu na bayan yaƙi da jahilci sukan gargaɗi sababbin marubuta da su kawo labarin da ba a taɓa ji ba. Niyyar mai kyau ce, amma sau da yawa takan sa marubuci ya ajiye alƙalami, domin duk labarin da ya faɗo masa sai ya tarar wani ya riga shi. Tarihin adabi kuwa bai goyi bayan wannan sharaɗi ba.

A Faransa, La Fontaine ya fitar da kundin tatsuniyoyinsa na farko a 1668, akasarinsu daga Isof na Girka. A kundi na biyu, na 1678, shi da kansa ya ambaci Bidpai na Indiya, wato tushen Kalila wa Dimna da Ibn Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8. A ƙasar Hausa ma, Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, wanda aka buga a Zariya tsakanin 1937 da 1939, ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai. Hatta akun da ke ba ɗan sarki labari kada ya bar gida, asalinsa Indiya ne. Duk da haka mai karatu ba ya jin ƙanshin baƙunta, saboda Imam ya sāke sunaye da sarautu, ya zaunar da labaran a fada da kasuwa irin namu, ya sa kowa ya yi magana da bakin Bahaushe.

Ashe ƙirƙira tana cikin sarrafawa. Kayan aron da ba ya rufe katara shi ne wanda aka yafa yadda aka karɓo shi: jimlar Faransanci da kalmomin Hausa, ko manomin Maraɗi da ke tunani irin na mutumin Paris.

Saboda haka ya kamata hukumomin ɗab'i su bambanta abu uku. Fassara tana bin asali, ana kuma rubuta sunan mai shi. Baddalawa tana sāke wuri da mutane da salo, tare da faɗin tushe. Sata ita ce kwashe kalmomin wani a ɓoye sunansa. Ita kaɗai za a hana. Biyun farko kuwa a koyar da su, har da aro daga tatsuniyoyinmu na baka, muddin ana son sababbin masu karatu su sami abin karantawa kafin karatun ya kuɓuce musu.