Yaushe Yaro Zai Koma Ƙwallo Bayan Aikin Gwiwa Na Biyu?

A cikin gwiwa akwai jijiya mai riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri. Idan yaro ya murɗe ƙafa a filin ƙwallo, takan tsinke. Ɗori ba ya haɗa ta, domin ba karaya ba ce. Likitan ƙashi, kamar na asibitin Dala a Kano, yakan ciro wata jijiya daga ƙafar ya dasa a madadinta.

Ga inda matsalar take. Zafi yakan tafi da wuri, amma dashen yana daɗewa bai yi ƙwari ba. Wani bincike na 2016 ya nuna kusan 1 cikin 4 na matasan da suka koma wasa sun sake tsinka jijiyar, a wannan gwiwa ko ɗayar. Aiki na biyu kuwa bai cika kai na farko kyau ba, ga kuɗi.

Shawararmu, a jira aƙalla wata 9, bayan aiki na biyu ma shekara guda, har ƙafar ta kamo 'yar'uwarta ƙarfi, likita ya yarda. Iyayen Makarfi da Kudan, ɗaukar damin rake cikin laka ma yana murɗe gwiwa. A ba shi aikin zaune, kamar zaɓen tumatir a Ikara.